Kanwa a Fangalin Ya Gumsu

A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a bakin tashar jirgin Kano, in baƙo ya shiga Rijiyar Lemo yana cigiyar gidan Goni Kyari, ba a raka shi. Cewa ake yi ya bi sawun raƙuma, inda ya ga ƙasa ta yi fari a ƙofar zaure, to, ya iso. Kanwa ce sana'ar gidan tun daga kakanninsa, waɗanda suka taso daga Barno suka yada zango a Fagge, zangon da har yanzu ba a tashi ba. Kanwa ce ungurnu falle-falle jingine da bangon zauren, sai ɗan wurin da Goni ke shimfiɗa buzunsa, ya yi karatu da asuba, ya yi ciniki da hantsi.

Shi dai Goni bai yarda akwai abin da zai lalace a duniya kanwa ta kasa gyara shi ba. Doki ya rame, kanwa. Raƙumin Buzu ya ƙi kiwo, kanwa. Wake ya yi taurin kai a tukunya, kanwa. In ka je masa da ciwon kai, kafin ya yi maka addu'a sai ya tambaye ka yaushe rabonka da kunun kanwa. Matarsa, Ya Gumsu, ta yi shekara da shekaru tana yi masa dariya a kan haka. Amma zama ya yi zama, ita ma ra'ayin ya shige ta ba ta sani ba.

Ita Ya Gumsu mulkinta a bayan gida yake. Can akwai rijiya, da fangali biyu, kowanne bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma albasa kaɗai ake shukawa a cikinsu. Ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙarama ce, ja, mai tauri, wadda in an yanka ta a tsakar gida sai na zaune a zaure ya share ido. Kakar Gumsu ce ta zo da irinta daga bakin kogin Yobe, ƙulle a haɓar zane. Tun daga nan al'adar ta zauna a zuriyarsu: ba a sayar da irin, ba a ba maƙwabta, uwa ce ke ƙulla wa 'yarta shi a haɓar zane ranar da za ta gidan miji, ta ce mata, "Wannan na kakarki ne, kada ya zaga shekara a ƙulle." Gargaɗin kuwa ba na ado ba ne. Irin albasa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a manta. In ya shekara ba a shuka shi ba, ya mutu.

Don haka aikin Ya Gumsu bai taɓa tsallake shekara ba. Da ɗaukewar ruwan sama sai ta yafa iri a fangalin gabas. In sanyi ya shigo, sai ta sauko da manyan albasun da ta zaɓa ta rataye a madafa, waɗanda take kira uwaye, ta binne su a fangalin yamma su yi fure, su ba da irin baɗi. Allah ya ba ta 'ya'ya maza uku, bai ba ta mace ba. 'Yan uwanta mata kuma, wasu sun rasu, wasu sun bi mazajensu gidajen da babu ƙasar shuka. Ta san a duk faɗin Kano, a hannunta kaɗai albasar nan ta rage. Abin yana sa ta alfahari, wani lokaci kuma yana sa ta tsoro.

Matsalar ta fara ne da alheri. Ɗanta Gana, wanda ke aikin awon gyaɗa, ya riƙa kawo mata wani takin zamani, fari tas kamar sukari. Shekarun farko albasa ta yi ta murna, lawashi ya miƙe har gwiwa. Ya Gumsu ta daina wahalar tara kashin awaki, ta riƙa ƙara hannu. Sai abin ya juya. Ganye ya soma yin rawaya tun yana ƙarami, ƙwaya ta koma kamar goro, uwaye suka yi fure ɗai-ɗai. Bana irin da ta tara bai cika tafin hannunta ba.

Wadda ta fara faɗa mata gaskiya ita ce Fausat, wata Bayarabiya mai sayar da shinkafa ga ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari. Tun tana amarya take zuwa gidan sayen kanwar miyar lalo, har ga shi ta tara 'ya'ya, kowa yana kiranta Iya Lawal. Da ciniki aka fara, aka koma shiga har madafa ba sallama biyu. Duk shekara sai ta roƙi irin albasar, duk shekara sai Ya Gumsu ta cika mata ƙwarya da ta ci, ta hana ta na shukawa. Fausat ba ta taɓa fushi ba, kuma ba ta taɓa daina roƙo ba.

"Mama, ƙasar nan ba ta da lafiya," in ji Fausat, tana tsaye a kan fangali, hannu a ƙugu. "Akwai wani yaro da ke haya a gidanmu, Okechukwu, malamin gona ne. Bari in kawo shi."

"Malamin gona? Albasar da ta girmi ubansa zai koya mini?"

"Ba albasa zai duba ba, ƙasa zai duba. Ke ma in cikinki ya murɗa ai ba kya cewa kin girmi mai magani."

Ranar Lahadi da yamma suka zo. Okechukwu, wanda mutanen unguwarsu ke kira Malam Oke, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta Goni fita, abin da bai yi wa Goni daɗi ba. Ya cire takalmi a zaure, ya gaida dattijon a durƙushe, sannan aka shige da shi bayan gida. Ya ɗebi ƙasa kaɗan a wani ɗan farin faranti, ya ɗiga mata wani ruwa daga ƙaramar kwalba. Ruwan kore ne, amma da ya ratsa ƙasar ya gangaro gefe sai ya zama ja.

"Mama, ƙasarki ta yi tsami," ya ce. "Farin takin nan yana da kyau, amma in shi kaɗai ake zubawa shekara bayan shekara, haka yake yi wa ƙasa mai yashi. Albasa kuma ba ta shiri da tsami."

"To, maganin fa?"

"Farar ƙasa, irin ta dutse da ake ƙonawa, wadda jirgi ke kawowa daga Kudu ana shafe gini da ita. Maigidan Iya Lawal yana aiki da ita kullum. A barbaɗa kaɗan, a cuɗa da ƙasa, a ba ta ruwa, a ƙyale ta ta huta kafin a yi shuka."

Ya Gumsu ta yi godiya, ta sa masa albarka, ta cika masa aljihu da dabino. Amma maganar ba ta kwanta mata ba. Bayan sun tafi ta kai wa Goni tuwo, ta zauna gefe tana yi masa fifita, tana ba shi labari.

Goni ya ajiye loma. "Tsami ya ce?"

"Tsami."

"Gumsu, in miyar yakuwa ta yi miki tsami, bango kike kankarowa ki zuba?"

"A'a."

"In tsamiya ta yi yawa a kunu fa?"

Amsar tana jingine a zaure, falle a kan falle. Gaskiya ne kuma, duk macen da ta taɓa riƙe muciya ta san kanwa ce ke karya tsami. Ga abu a gida, mai kyau, na gado, wanda mutum da dabba ke ci su ji daɗi. Don me za ta aika Sabon Gari a kawo mata abin shafe bango, wanda ko akuya ba ta lasa? A wannan maraicen miji da mata suka yarda da juna ɗari bisa ɗari, abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma da ma bai faru ba.

Goni da kansa ya zaɓo falle mafi kyau, wai albasar surukarsa ba ta cancanci ragowa ba. Ya Gumsu ta daka shi lukui. Ba ta da rowa a girki, ba ta kuma yi ta a nan ba: ta lulluɓe fangalin gabas har ya yi fari, ta kafce, ta ba shi ruwa. Da ruwan sama ya ɗauke, ta kwance ƙullin iri, ta yi bisimilla, ta yafa shi duka.

Kwanakin farko ba ta ga komai ba sai ɗan santsi a ƙasar. Daga nan ruwa ya fara ƙin shiga. In ta zuba guga sai ya kwanta a sama, baƙi-baƙi, yana ƙyalli. In rana ta busar da shi sai fuskar fangalin ta yi ɓawo mai tauri, ta tsattsage, gefenta ya yi fari. 'Yan tsiron da suka yi ƙarfin halin fasa ɓawon suka fito a lanƙwashe, bakinsu a ƙone. Kullum da safe sai ta tsuguna ta duba su, kullum sai ta tarar sun ragu. Ranar da na ƙarshe ya kwanta, ta tona da yatsa ko akwai wanda bai fito ba tukuna. Ta samu irin, ya kumbura ya ruɓe.

Ta shiga madafa ta sauko da uwaye. Damina ta cinye fiye da rabinsu, waɗanda suka rage ba su rufe gindin faifai ba, wasu ma har sun fara turo kore, suna neman ƙasa. Su ke nan. Ga fangali ɗaya ta kashe shi da hannunta, ga ɗayan da tsamin da ya hana uwayen bara yin furen kirki. In waɗannan ba su ba da iri ba, abin da ya tsira daga tafiyar Barno a ƙasa, ya tsira daga fara da yunwa, zai ƙare a hannunta, a gidan da ke da rijiya. Ta zauna a bakin murhu da faifan a cinya, baƙin ciki ya cika ta, kunya kuma ta fi baƙin cikin yawa.

Goni ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma ya dubo fangalin. Da ya dawo sai ya yi gyaran murya. "Wataƙila kanwar ce ta yi kaɗan."

Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da baƙi a zaure.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta kama hanyar Sabon Gari. Rabonta da zuwa can tun sunan autar Fausat. Ta ratsa ta bakin kasuwa, inda kekuna ke ƙararrawa, masu kura na ihun a ba su hanya, garmaho na tashi daga shagon wani tela. Ta sami Fausat a bayan babbar tukunya, hayaƙi na shiga mata ido, leburori sun yi layi da kwanoninsu. Da ganin tsohuwar, Fausat ta miƙa wa 'yarta ludayi, ta jawo kujera.

"Mama! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Albasa ce ke shirin mutuwa, Iya Lawal." Ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗora wa Goni ba, ko da yake ta so.

Fausat ta riƙe baki. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace. "Kanwa? Mama, miya kika mayar da gonar?" Sai ta ga idon tsohuwar ya kawo ruwa. Nan take ta haɗiye sauran, ta kama hannunta. "Yi haƙuri. Ci abinci tukuna. Malam Oke yana tasowa daga aiki zan kamo miki shi, ko wanka ba zai yi ba."

Da la'asar ya zo da kwalbarsa. A fangalin yamma ruwan ya sake yin ja. A na gabas kuwa sai ya yi shuɗi mai duhu, kamar an tsoma shi a marina. Malam Oke ya daɗe yana kallon farantin. Bai yi dariya ba, kuma Ya Gumsu ba ta manta masa da wannan ba.

"Mama, ba ki yi ƙarya ba, kanwa tana kashe tsami. Ta kashe shi har ta wuce. Illarta gishirin da ke cikinta. Shi ne ke liƙe ƙasa ya toshe ta, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta numfashi. Laifina ne ma da ban yi miki wannan bayanin ba, ina ganin kanwa cike da zaure."

"Bar neman mini mafita, ɗan nan. Uwayen nan za su rayu?"

Ya juya su ɗaya bayan ɗaya. "Suna da rai. Ki mayar da su inuwa su ƙara haƙuri. Fangalin yamma za mu gyara musu da farar ƙasa, yau ɗin nan. In watan gobe ya tsaya ya ɗan yi kwari, sai ki binne su."

"Wancan fa? Ya mutu ke nan?"

"Bai mutu ba, amma kada farar ƙasa ta taɓa shi, ƙara masa ciwo za ta yi. Nasa maganin daban ne. Kin san farin garin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti? Filasta. Mu a wurin aiki jifsam muke ce masa. Shi ne zai shiga ya ture gishirin kanwa daga jikin ƙasa. Amma turewa kawai zai yi, ruwa ne zai wanke shi ya yi ƙasa da shi. Ruwa mai yawa, Mama, ba na rana ɗaya ba."

Fausat ta tafa hannu. Mijinta Sikiru magini ne, kuma a lokacin yana yi wa wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, adon rufin ɗaki da filasta. Gutsattsarin da ke zubowa, da buhun da danshi ya daskarar, duk juji ake kai su. Kafin magariba sai ga jaki a ƙofar gida, gefe ɗaya farar ƙasa, gefe ɗaya fasassun furannin filasta. Goni ya fito ya tsaya yana kallon ana shigar da farin kaya gidansa, ta gaban nasa farin kayan.

Wannan karon Malam Oke bai bar wa Ya Gumsu awo ba, ya ga yadda hannunta yake. Shi ya barbaɗa farar ƙasar a fangalin yamma, sama-sama, yadda ake barbaɗa gari a faifai kafin a ɗora fura. Aka kafce, aka zuba ruɓaɓɓen kashin awaki daga baya, aka ba shi ruwa. Na gabas kuma aka kankare ɓawon aka zubar can nesa. Fausat ta ɗaura ɗamara, ita da tsohuwar suka sa filasta a turmi suna lugude, ƙura ta tashi ta mayar da su farare har gira, kowacce na nuna 'yar uwarta tana dariya.

Saura ruwa. Ya Gumsu tana iya jan guga na shayar da albasa, amma ba na wanke ƙasa ba. Tana cikin tunanin wanda za ta nema, da safe bayan an shafa fatiha sai ta ji ƙarar guga a rijiya. Ta leƙa. Goni ne, ya tuɓe babbar riga ya rataye a katanga, ya naɗe wando, ƙafafunsa sirara a cikin taɓo. Mutumin da tun aurensu ko butar alwalarsa ba shi ke cikawa ba.

"Goni, me ke nan?"

"Kanwata ce," ya ce, bai juyo ba. "Ni na san ta. In ba ni na ce ta fita ba, ba za ta fita ba."

Ta ja da baya a hankali. Ta koma ta dama masa kunu, ta sa zuma maimakon sukari. Haka ya yi ta yi kullum har sanyi ya wuce. Masu sayen kanwa suka saba da jiransa a zaure, in ya fito da jiƙaƙƙen wando sai ya ce musu likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ita kuma ba ta taɓa nema ba, don tana jin amsar kowace safiya daga bakin rijiya.

Da wata ya yi kwari ta binne uwayen. Sun yi laushi, biyu ma ta sa su ne don kada ta yar. Daga nan babu abin yi sai jira, kuma Ya Gumsu ba ta iya jira ba. Ta riƙa kai tabarmarta can tana tsintar shinkafa, tana korar kaji da ba su ma zo ba. Ganye ya fito. Ta ƙi yin murna, don bara ma ya fito. Ta jira rawayar nan ta hau shi, rawaya ba ta zo ba. Ya yi kore shar, ya yi kauri, ya tsaya da ƙafarsa. Wata safiya ta ga kara ya turo daga tsakiyar ɗaya, da ɗan kai a rufe kamar hula. Kafin mako ya zagayo sauran sun bi shi, in ban da biyun nan da suka ruɓe.

Da zafi ya fara shigowa kawunan suka buɗe, farare, dunƙule-dunƙule, ƙudan zuma suka cika bayan gidan da ƙugi. Ta kira Goni ya gani. Ya zagaya su, hannu a baya, ya ce ai da ma ya san za su yi. Ta bar shi da wannan. Da suka bushe ta yanke su da sassafe kafin iska ta tashi, ta shanya a faifai cikin ɗaki, ta murje, ta busa ƙaiƙayin a hankali. Baƙin iri ya taru a tsakiyar faifan, ya cika hannu biyu har yana zuba. Ta yi hamdala a fili, ta kuma yi ta a zuci.

Damina ta zo ta ƙarasa aikin da Goni ya fara. Fangalin gabas ya koma shan ruwa kamar da, ƙasarsa ta yi laushi tana wargajewa a hannu, har tsutsar nan tana ma ta dawo cikinsa. Malam Oke ya zo da kwalbarsa, ya ɗiga a nan, ya ɗiga a can, duka biyun ruwan ya tsaya kore. Ya ce ta koma ga kashin awakinta da toka, farin takin kuma a riƙa sa shi da ƙyashi. Da ruwa ya ɗauke ta yafa iri a wurin da na bara ya mutu, amma rabi kawai. Ba a yi kwana da yawa ba fangalin ya rufe da tsiro, sirara, a tsaye, ba wanda ya ƙone.

Sai da ta ga haka da idonta sannan ta buɗe adaka. Ta ɗauko wani zane saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ta saya tun tana da cikin fari, ta ajiye wa 'yar da ba ta zo ba. Ta zuba sauran irin a haɓarsa ta ƙulle tam. Goni yana kallonta daga bakin ƙofa.

"Ba jininku ba ce," ya ce, ba da faɗa ba.

"Na sani. Jinin namu ne ya zuba masa kanwa."

Sai ya ce ta gaida Sikiru.

Ta sami Fausat ta sauke tukunya, tana wanke kwanoni a tsakar gida, 'yan haya na kai da kawo. Ya Gumsu ba ta zauna a kujerar da aka jawo mata ba.

"Fausatu," ta ce.

Fausat ta ɗago da sauri. Tun da ta haifi Lawal babu wanda ya kira ta da wannan sunan sai mahaifiyarta, ita kuma ta daɗe a ƙasa, can Ogbomosho.

"Goge hannunki ki zo nan."

Ta goge, ta zo. Tsohuwar ta warware zanen ta yafa mata a kafaɗa, ta kamo haɓar mai ƙulli ta sa mata a tafin hannu, ta rufe da nata. Fausat ta taɓa ƙullin, ta ji abin da ke motsi a ciki, ta gane. Mace mai 'ya'ya biyar, wadda leburorin jirgi ke tsoron bakinta, sai ga ta gwiwa biyu a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke.

"Mama, ai kin ce sai 'ya."

"Abin da na ce ke nan, kuma ban canza ba." Ya Gumsu ta gyara tsayuwa, don maganar da ke tafe ba a faɗinta da wasa. Haka uwarta ta faɗa mata, haka ta yi shekaru tana tsoron za ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba. "Wannan na kakarki ne. Kada ya zaga shekara a ƙulle."

Fausat ta kifa fuska a zanen tana kuka. Ya Gumsu ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa mata kai, zuciyarta wasai. Sannan ta ce ta tashi haka nan, rana tana yi, ta nuna mata inda za a yi fangalin.